Kafin Ka Ce Za Ka Tsafe A Keke, Fara Tsira Daga Titunan Gusau

Mai karatu, in kana zaune a Gusau ka san akwai wurin da ake kira Kwanar 'Yan Keke. Sunan ya fito a labarai a 2023, lokacin da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da gyaran titunan cikin gari, har da wanda ya tashi daga wannan kwana ya bi ta fadar Sarki ya fita Tankin Ruwa. Ni dai sunan ne ya tsaya mini a rai. Garin da ya raɗa wa kwana guda sunan masu keke, yau in ka hau keke a cikinsa kai ne ƙaramin kowa a titi. Mai tirela ba ya ganinka. Mai Keke Napep yana ganinka, bai dai damu ba ne. Ɗan kabu-kabu kuwa gani yake ka tare masa hanyar cin abinci.

Ni ba don motsa jiki na fara hawan keke ba, gara in faɗa maka gaskiya. Aljihu ne ya ɗora ni. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Da makaranta ta turo mu koyon aiki na samu wuri a wani gidan rediyo a Gusau, na sauka wajen kawuna a Tudun Wada. Mako biyu na yi ina biyan kabu-kabu zuwa da dawowa, na zauna na yi lissafi, na ga kuɗin abincina ne nake zuba wa tankin babur ɗin wani. A zauren kawu akwai wata tsohuwar Fonis baƙa da kaji suka mayar wurin kwana. Na roƙe shi. Ya dube ni ya dubi keken, ya ce, "Ɗauka, amma in ka karye kada ka ce wa uwarka ni na ba ka."

A mako na uku na kusa cika masa maganarsa.

Da yamma ne, a wata mahaɗa kan hanyar Sakkwato. Wata tirela ta rage gudu, na ga sarari tsakaninta da bakin titi ta dama, na ce bari in zura in wuce. Ashe kwana za ta sha zuwa dama. Kan motar ya buɗe zuwa hagu tukuna, kamar zai ba ni hanya, sai kawai na ga tayoyin baya suna matso ni. Ban san lokacin da na saki keken na faɗa cikin yashin gefen hanya ba. Na ƙuje gwiwa da tafin hannu, wandona ya yage. Direban ko waiwaye bai yi ba, kuma daga baya na gane ba rashin imani ba ne, bai ma san ina wurin ba.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin wannan kuskuren ba ya bari a maimaita shi. Direban babbar mota yana zaune ta hagu, can sama. Gefensa na dama, daga ƙofa har zuwa tsakiyar bodi, akwai wurin da madubi ba ya nuna masa, haka ma daf da hancin motar da kuma bayanta. In ba ka iya hango fuskar direba a madubinsa, to shi ma ba ya hangenka. Na biyu, tayoyin baya na doguwar mota ba sa bin sawun na gaba. In ta sha kwana, na baya yanke hanya suke yi, su bi ta cikin kwanar, daidai inda mai keke yake jin ya samu mafaka. Wannan buɗewar da ka ga kan motar ya yi ba alheri ba ne, shirin juyawa ne. Saboda haka tirela, tanka, tifa, duk ka bar su su gama abin da suke yi. Ka tsaya bayansu da tazara. Minti ɗayan da za ka rasa ba wanda zai tambaye ka shi.

Kuma Gusau ba ta rabuwa da manyan motoci, domin babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Tsafe zuwa Sakkwato ta nan ta ratsa.

Wani abin da na ga muna yi, har da dattawa, shi ne tuƙa keke ta hannun da motoci ke tahowa. Hujjar ita ce wai gara ka ga abin da zai buge ka. Na fahimci tsoron, ni ma na yi. Amma tun Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma keke ma abin hawa ne, wannan hannun ne nasa. Direban da zai fito daga lungu ya hau titi, hagu yake dubawa, inda yake tsammanin mota. Kai da ka taho masa ta dama ba ka cikin lissafinsa. Sannan in kun yi gaba da gaba, gudunka da nasa haɗuwa suke yi. In yana bayanka kuwa, yana da lokacin da zai gan ka ya kauce.

Maganar manne wa bakin titi ita ma sai da na sha wuya na bari. Sabon mai keke gani yake tsira tana can ƙarshen kwalta. To a can ne yashi yake taruwa, musamman bayan ruwan sama, kuma tayar gaba in ta shiga yashi ba ta shawara da kai. A can fasassun kwalabe suke, da bakin lambatu, da mai rake da ya kafa baro. A can ne kuma wanda ya faka mota zai buɗe ƙofa ba tare da ya duba ba. Ka bar kamar taku ɗaya mai kyau tsakaninka da bakin titi ko motar da ke tsaye, ka riƙe layinka miƙaƙƙe. Mai mota ya fi iya kauce wa wanda ya san inda ya dosa a kan mai lanƙwasa kamar maciji. Keke Napep kuwa, ka ɗauka kowane lokaci zai iya tsayawa, domin idon direbansa na kan mai ɗaga hannu a gefen hanya, ba kan ka ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke kayar da mutum. Ƙafar wando ko bakin doguwar riga da sarƙa za ta cafke, ka naɗe ka sa roba. Abin sauraron waƙa a kunne, cire shi, kunnenka shi ne madubinka na baya. In za ka juya, waiwaya tukuna, miƙa hannu, ka tabbata kun haɗa ido da direban. Da dare kuma, in an ɗauke wuta, mai baƙar Fonis da shuɗiyar shadda aljani ne kawai zai gan shi. 'Yar fitila fara a gaba, ja a baya, irin masu caji ɗin nan, ba su kai kuɗin datar da kake ƙonawa a TikTok a wata ba.

Hular kwano fa? Na saya a gwanjo. Ranar farko da na sa, yaran unguwa suka bi ni suna "ga Bature, ga Bature". A wajen aiki wani ya tambaye ni ko gasar Faransa zan tafi. Na ji kunya, wallahi, har na ajiye ta kwana biyu. Abin da ya mayar da ita kaina shi ne tuna yadda ƙeyata ta wuce bakin kwalbati da 'yan yatsu ranar tirelar nan. Dariyar ma mako guda ta yi ta mutu.

Kada ka ɗauka wannan raini na titi talaka kawai yake samu. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya dage sai 'yan Nijeriya sun koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa tuƙawa zuwa aiki a Abuja. Wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Jama'a suka mayar da abin barkwanci, aka bar ainihin tambayar, wato in minista bai tsira a titin Abuja ba, ina ɗan makaranta? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, ni da kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, jami'an hukumar kiyaye haɗura ta FRSC kan fito su yi zagaye a kekuna a irin wannan rana, a ɗauki hoto. Ba laifi. Amma a duk titunan Gusau da na bi ban ga inda aka ja layi aka ce nan na mai keke ne ba, kuma a ganina lokacin da ake zuba sabuwar kwalta shi ne lokacin da wannan layi ya fi arha.

To, duk wannan a cikin gari ne. Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne wata cuta da ke kama mai keke in ƙafarsa ta fara ƙarfi: sai ya fara hangen bayan gari.

Ni ta kama ni ne da labarin Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya hau keke a 2023 ya nufi Jami'ar Azhar a Masar don ba shi da kuɗin jirgi. Ya yi kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi, an tsare shi sau uku a hanya. Daga ƙarshe ya samu gurbin karatun. A nan gida ma akwai Aliyu Abdullahi Bala da ya bar Jos a keke a 2021 ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022. Na ce in waɗannan sun ƙetare ƙasashe, ni Tsafe ce za ta gagare ni? Garinmu ne, mahaifiyata na can, tafiyar ba ta fi kilomita 40 da wani abu zuwa 50 ba. Na riƙa ganin kaina na shiga gida da ƙura a fuska, ƙannena na ihu.

Wani dattijo mai faci da nake kai wa keken shi ya fara rage mini zafi. Na gaya masa shirina, bai ce komai ba, ya juya keken ƙafafu sama. Ya murza tayar baya, muka ga tana rawa. Ya bi wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya da yatsa, uku sun saki. Ya nuna mini robar birki ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa. Sannan ya ce, "Ɗan samari, ka iya faci?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To can cikin daji wa za ka kira, ni?"

Ranar ban tafi ba sai da ya sa na cire taya da hannuna, na zaro tiyub, na hura, na tsoma a ruwa na nemo inda ke fitar da kumfa, na goge wurin, na shafa sholisho. Na yi saurin manna facin, ya buge mini hannu. Ashe sai an bar sholishon ya sha iska ya daina danshi kafin a manna, in ba haka ba ba ya kamawa. Ya kuma sa na shafa cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta huda tiyub tana nan zaune tana jiran sabon. Ya ɗaga mini sirdi, ya ce in ɗora diddige a feda tana ƙasa, in ƙafata ta miƙe to daidai ne. Wata biyu ina tuƙi gwiwa a lanƙwashe kamar mai zaman tabarma, ina mamakin ciwon da take mini.

Shi ne kuma ya ce in fara da Bunguɗu. Kimanin kilomita 20 ce daga Gusau ta hanyar Sakkwato, in ka je ka dawo ka yi kusan nisan Tsafe ke nan, kuma in ka gaza rabin hanya komawa ba ta da nisa.

Sai da na yi mako uku ina ƙara nisa a cikin gari, ina zagaye da sassafe, kafin mu tafi. Mu uku ne, ni da abokai biyu, ranar wata Asabar cikin hunturu. Mun tambayi direbobin da suka shigo da safe lafiyar hanya, muka bari rana ta fito sosai motoci suka fara yawa, sannan muka tashi. A kariya na ɗaure famfo, da tiyub sabo, da kayan faci, da sufana, da gorar ruwa biyu, da dabino da ƙuli-ƙuli. Zuwa daɗi. Gonaki an girbe, iska na turo mu, muna ta surutu. Ba mu cika awa biyu ba muka shiga Bunguɗu, muka sha fura, muka ɗan zauna muna jin kanmu wasu jarumai.

Dawowar ce ta koya mana hankali. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ga shi mun juyo mun fuskanci gabas, sai ta riƙa dukanmu a fuska da kafaɗa. Hawan da ban lura da shi ba a zuwa, don gangara ce a lokacin, ya tsaya mini a gaba. Mazaunaina suka yi tsami. Ɗaya daga cikinmu da ya zo da gora ɗaya ruwansa ya ƙare, ƙafarsa ta ɗaure, muka zauna ƙarƙashin wata bishiya muna raba nawa. A sanyi ƙishirwa ba ta yi maka sallama, bushewa kawai kake yi. Tun daga ranar nake sha kafin in ji ƙishi, kuma nake ƙulla gishiri da sukari a leda: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, irin haɗin da ake yi wa mai gudawa. In a watan Afrilu ne, da zafi ke kai maki 40, ban ma ba ka shawarar ka gwada da rana tsaka ba.

A babbar hanya kuma dokar ta ɗan sauya. Mu bi juna a layi ɗaya, ba kafaɗa da kafaɗa ba. In ka ji ƙugin babbar mota a baya kuma ga wata na tahowa a gaba, kada ka tsaya neman haƙƙinka, rage gudu ka sauka gefen kwalta. Iskar da tirela ke ja in ta wuce ka tana iya fizgar kan keke, ka riƙe da hannu biyu. Lambar gaggawa ta FRSC 122 ce, ka sa a waya, wayar kuma ta kasance da caji.

Da na dawo na kira Inna ina cika baki, na ce saura Tsafe. Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Ba ka tahowa bisa keke. In kana son ganina ka shiga mota da rana tsaka kamar kowa." Na fara kawo mata labarin ɗan Gini. Ta ce, "Shi uwarsa ta sani. Ni ban yarda ba."

Na ji haushi a lokacin. Amma ni da kai mun san abin da take nufi, kuma wannan ne ɓangaren shirin tafiya da ba za ka samu a bidiyon Turawa masu yawon duniya a keke ba. Su lissafinsu nauyin jaka da ruwan sama. Mu namu ya haɗa da wanda zai iya fitowa daga daji. A kan hanyar nan ta Zariya, a Sabon Gida, aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu ranar 22 ga Satumban 2023. A 2024 sai da gwamnatin jiha ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a iyakar jihar da Katsina ta wajen 'Yankara, da kuma iyakarta da Sakkwato, saboda tare hanya. Mota in ta ga abin da ba ta gane ba tana iya juyawa ta taka wuta. Mai keke da ke tafiyar kilomita 12 ko 15 a awa, wurin da mota ke wucewa cikin minti biyar shi sai ya yi kusan rabin awa a ciki, a fili, kowa na ganinsa.

Ba ina cewa hanyar Bunguɗu tana da takardar lafiya ba. Ita ma an sha jin labari a kanta, kuma ranar da muka bi sa'a ce da tambaya suka haɗu. Labarin hanya a Zamfara na ranar ne, na jiya ba ya yi maka aiki yau. Direbobin tasha sun fi kowace manhajar taswira sanin abin da ake ciki, su za ka tambaya, da safen da za ka tashi. Kada ka yi sammakon asuba irin wanda littattafan keke ke yabo, kada kuma la'asar ta same ka a waje. Ka gaya wa mutum ɗaya a gida inda za ka da lokacin dawowarka, amma kada ka sa a Facebook cewa gobe ƙarfe kaza za ka bi hanya kaza. Hoton ya jira ka dawo. Ka riƙe katin shaidarka, domin za ka tarar da shingayen jami'an tsaro da 'yan sa-kai, kuma saurayi da jaka a bayan keke dole a tambaye shi. Sauka, yi sallama, amsa abin da aka tambaye ka, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar su. In kuma kuka ga motocin da ke tahowa daga gaba sun ɗauke ɗif, hanya ta yi shiru, ku juya. Ku yi wannan yarjejeniyar tun a gida, cewa in mutum ɗaya ya ce a koma, an koma, ba gardama ba gori.

Da na sake karanta labarin Barry a natse, sai na lura da abin da na tsallake da farko. Bai shiga Alƙahira a keke ba. A Chadi ya tsaya, gabansa Sudan ce ana yaƙi. Wani ɗan jarida ya yi hira da shi, labarin ya bazu, mutane suka haɗa masa kuɗin jirgi. Wato shi ma da ya iso inda hanya ta fi ƙarfin feda, sauka ya yi.

Na je Tsafe a ƙarshen watan, a mota, an matse mu huɗu a baya. Da muka zo daidai Kwatarkwashi na leƙa ta taga ina kallon dutsen, ina auna hawa da gangarar hanyar da ido, ina cewa nan zan sauka in tura, nan zan sha ruwa. Inna ta tarbe ni da tuwon dawa, ba ta ta da maganar keke ba, ni ma ban tayar ba. Fonis ɗin tana zauren kawu, na sa mata sabuwar robar birki da fitila ja a baya. Ranar Asabar mai zuwa, in direbobi sun ce hanya lafiya, za mu sake gwada Bunguɗu, wannan karon kowa da gora biyu.